Tabarau Mai Taka Wa Ido Birki

In aka ajiye maka shi a kan tebur ba za ka bambanta shi da kowane tabarau na ɗan makaranta ba: firam na roba, gilasai biyu garai-garai. Sai ka ɗaga shi ka ɗan karkata shi a gaban fitila, sannan abin da aka ɓoye zai bayyana. Tsakiyar gilashin fili ne sumul, faɗinsa bai cika santimita ɗaya ba. Kewaye da filin kuma wasu 'yan ɗigo-ɗigo ne ɗaruruwa, a jere reras kamar saƙar zuma, faɗin kowanne milimita ɗaya da ɗan ɗoriya. Kowane ɗigo ƙaramin gilashi ne mai zaman kansa, da ƙarfinsa da aka auna aka ba shi. Domin yaron da ba ya ganin nesa aka yi wannan tabarau, kuma aiki biyu aka ɗora masa: ya sa yaron ya ga rubutun allo yau, ya kuma rage saurin da idon ke ƙara taɓarɓarewa kafin baɗi.

Ba za a gane hikimar ɗigon ba sai an san abin da ke gudana a cikin ido. Jariri kan zo duniya da ido mai tsawon milimita 17 ko kusa da haka, daga gaba zuwa baya, idon ya yi ta girma har ya tsaya a wajen milimita 24. Haske na shiga ta gaba, tantanin gaban ido da madubin da ke ciki su tattaro shi, ya haɗu wuri guda a kan wani lallausan tantani da ke shimfiɗe a bangon baya, wanda likitoci ke kira retina. In mahaɗar ta faɗo daidai kansa, an ga abu garau. Yaron da ba ya ganin nesa, galibi idonsa ne ya zarce tsawon da ya kamata, sai hasken ya haɗu tun bai isa bango ba, ya sake bajewa, abin da ke nesa ya koma dishi-dishi. Kuskuren ba wani babba ba ne in ka duba shi a kan ma'auni. Ƙarin milimita ɗaya tak kan jawo matsalar dayofta biyu da rabi zuwa uku. Dayofta shi ne awon ƙarfin gilashi, lambar nan da ake rubutawa a takardar asibiti, kamar −2.00. Mai wannan lamba in ya cire tabarau, duk abin da ya wuce rabin mita daga fuskarsa ya fara dusashewa. Ido kuwa in ya tsawaita, ba ya komawa.

Da a ce abin ya tsaya a kan kaurin gilashi, da da sauƙi. Amma idon da ya tsawaita, tantaninsa na baya miƙewa yake yi yana sirancewa. In lambar ta kai −6.00 ko ta wuce, haɗarin ɓallewar retina daga bango yana ƙaruwa, haka hawan jinin ido, da yanar ido tun da sauran ƙarfi, da lalacewar tsakiyar gani wadda babu tabarau da ke gyara ta. Masana biyu, Mark Bullimore da Noel Brennan, sun lissafa a 2019 cewa kowace dayofta ɗaya da aka tsare wa yaro na rage masa haɗarin wannan lalacewa ta tsakiyar gani da kashi 40 cikin ɗari in ya manyanta. A manyan biranen Sin da Taiwan da Singafo da Koriya ta Kudu, takwas zuwa tara cikin kowane goma na masu kammala sakandare ba sa ganin nesa sai da tabarau, kuma wani hasashe da Brien Holden da abokan aikinsa suka wallafa a 2016 ya ce zuwa 2050 kusan rabin mutanen duniya za su shiga wannan sahu. Shi ya sa mutanen gabashin Asiya suka fi kowa zafafa neman mafita.

Bakin zaren kuwa a wurin 'yan tsaki aka samo shi. A 1988, a Jami'ar Cornell ta Amurka, Frank Schaeffel da abokan aikinsa suka ɗaura wa 'yan tsaki ƙananan gilasai a ido. Waɗanda aka sa wa gilashin da ke tura mahaɗar haske zuwa bayan retina, idonsu ya yi ta tsawo har ya cim mata. Waɗanda aka sa wa mai jawo mahaɗar zuwa gaban retina, girman idonsu ya lafa. Shekara guda kafin nan, Josh Wallman da mutanensa a New York sun dusashe wa 'yan tsaki rabin gani kawai, sai ya zamana ɓangaren idon da abin ya shafa ne kaɗai ya tsawaita. Ko da aka yanke jijiyar da ta haɗa ido da ƙwaƙwalwa, idon bai fasa amsawa ba. Ashe ido da kansa yake lura da inda haske ya sauka, lungu-lungu, ya daidaita girmansa da abin da ya tarar. Daga baya Earl Smith na Jami'ar Houston ya nuna a jikin birai cewa gefen retina ma na da ta cewa: an bar musu tsakiyar gani garau, aka dusashe gefe, amma idon ya tsawaita.

Daga nan aka fara duban tabarau na yau da kullum da wani ido. Yana saita hasken tsakiya daidai kan retina, yaro ya ga allo, kowa ya ji daɗi. Amma hasken da ke shigowa ta gefe kan haɗu a bayan bango, abin da ido zai iya ɗauka a matsayin kiran ƙara tsawo. Aikin da ke gaban masu ƙira shi ne su haɗa abu biyu masu karo da juna a gilashi ɗaya: gani garau domin karatu, da kuma wani kason haske da zai riƙa haɗuwa a gaban retina yana ce wa ido ya dakata.

Carly Lam da To Chi-ho na Jami'ar Fasaha ta Hong Kong, tare da kamfanin Hoya na Japan, su suka fito da tsarin da na siffanta a farko. Ya shiga kasuwa a 2018 da sunan MiYOSMART, kuma a shekarar ya ci babbar lambar yabo a bikin baje kolin ƙirƙire-ƙirƙire na Jeniba. Filin tsakiya milimita 9.4 ne, yana ɗauke da lambar yaron zalla. Zoben da ya kewaye shi ya kai milimita 33 a faɗi, da ɗigo kusan 400, kowanne da ƙarin ƙarfi na +3.50. Dabarar da ta fi burge ni ita ce ratar da aka bari tsakanin ɗigo da ɗigo. Yaro ba gunki ba ne, idonsa yawo yake yi a bayan gilashi. In ya kalli gefe ta cikin zoben, ƙofar idonsa za ta kama ɗigo kaɗan da filin da ke tsakaninsu a lokaci ɗaya, kusan rabi da rabi, don haka yana ci gaba da gani, saƙon dakatawar kuma yana ci gaba da isa. Kamfanin Essilor na Faransa ya bi wata hanya mai kama da wannan a gilashinsa na Stellest: ɗigo 1,021 a zobba 11, kowanne an lanƙwasa fuskarsa yadda hasken zai bazu a wani ɗan sarari a gaban retina maimakon ya taru a layi ɗaya. Akwai ma na kamfanin SightGlass, wanda ya ginu a kan binciken Jay da Maureen Neitz na Jami'ar Washington, mai dubban ɗigo da ke ɗan sassauta kaifin bambancin fari da baƙi a gefen gani. Shi ma yana rage saurin tsawon ido, abin da ya sa har yanzu masana ke muhawara a kan ainihin saƙon da ido ke ji.

Duk wannan ilimi yana iya tashi a banza a hannun ragon ma'aikaci, domin filin tsakiyar ƙarami ne kuma dole ya zauna daidai gaban ƙwayar idon yaro. A nan ne sana'ar mai gwajin ido da ta mai haɗa tabarau ke nuna kansu.

Gwani ba ya farawa da na'ura. Tambaya yake fara yi: uwa ko uba na sa tabarau? Yaushe aka lura yaron na ƙanƙance ido? Awa nawa yake yi a kan littafi da waya, nawa a waje? Sai ya zaunar da shi mita shida daga allon haruffa, ya rufe ido ɗaya ya gwada ɗayan. Bayan nan sai maganin ɗigawa, wanda aka fi sani da sayiklofentolet. Dalilinsa shi ne madubin cikin idon yaro na da taushi, tsokar da ke sarrafa shi kuma na da ƙarfi, har ɗan shekara goma kan iya ƙara wa idonsa ƙarfin da ya haura dayofta 10 ba tare da ya san yana yi ba. In aka gwada shi a haka, yana iya fitowa da lambar da ta fi tasa ta gaskiya. Maganin kan kwantar da wannan tsoka na ɗan lokaci. Yana da ɗan raɗaɗi, yaro kan yi ƙwalla, kuma sai an jira wajen rabin awa ko fiye kafin ya kama. Daga nan har zuwa washegari yaron na iya kasa karanta abin da ke kusa, hasken rana kuma ya dame shi. Mai gaggawar sallamar layi a wannan mataki yake tsallake.

In maganin ya kama sai a rage hasken ɗaki. Mai gwajin ya zauna nesa da yaron da tsawon hannu, wajen santimita 67, ya ɗauki retinoskof, wata 'yar fitila mai fitar da siririn layin haske wadda ake leƙawa ta cikinta. Yana kaɗa layin a hankali a kan idon, hagu zuwa dama, yana kallon jan hasken da ke dawowa daga can ciki. In ya tafi dama hasken ciki ya tafi hagu, ya san idon ba ya ganin nesa. Sai ya miƙa hannu cikin akwatin gilasan gwaji, waɗanda ke hawa da rubu'in dayofta, ya sa ɗaya a gaban idon, ya sake kaɗawa. Yana sauyawa yana kallo, hasken na ƙara sauri da faɗi, har ya kai inda ba ya zuwa hagu ba ya zuwa dama, sai dai ƙofar idon ta cika da haske gaba ɗaya ta kuma ɗauke gaba ɗaya. Nan ne wurin. Ya juya layin ya koma a kwance, ya maimaita daga sama zuwa ƙasa, domin wasu idanun ƙarfinsu a tsaye ya sha bamban da na kwance. A ƙarshe ya cire dayofta 1.50 daga abin da ya samu, saboda zaman da ya yi kusa da yaron shi ma ya shiga lissafi. Duk wannan ba a tambayi yaron komai ba. Ko da bai iya karanta harafi ba, ko kunya ta hana shi magana, idon ya riga ya ba da amsa.

Sai awon tsawon ido. Yaro ya ɗora haɓa a kan wani ɗan matashi, ya jingina goshi, ya kalli wani ɗigon haske. Na'urar na aika wani haske da ido ba ya gani, ya je bangon baya ya dawo, ta fitar da tsawon idon har zuwa ɗaya cikin ɗari na milimita, ba tare da an taɓa shi ba. Wannan lamba ake rubutawa a ajiye, da ita za a riƙa kwatanta duk awon da zai biyo baya.

Zaɓen firam ba na ado ba ne kawai. Ana neman wanda ƙwayar ido za ta zauna kusa da tsakiyarsa, mai isasshen tsawo daga sama zuwa ƙasa don kada a yanke mafi yawan zoben wajen gyaran gilashi. Karan hancin yara bai gama tashi ba, ga shi da faɗi a wurin 'ya'yanmu da na mutanen Asiya, don haka firam da aka ƙera wa dogon hanci zamewa yake yi. Mai haɗa tabarau kan ɗumama ƙafafun firam da iska mai zafi, ya lanƙwasa su daidai bayan kunne, ya saita matashin hanci, ya duba cewa gilashin bai yi nisa da ido ba kuma gashin ido ba ya goga shi. Ya ce wa yaron ya sunkuya, ya girgiza kai. In ya zame, a sake. Ba a ɗaukar awo sai firam ya zauna inda zai zauna a aji da filin ƙwallo.

Sannan ya zauna fuska da fuska da yaron, idonsa daidai tsayin idon yaron, domin in ya ɗan fi shi tsawo alamar za ta kauce. Ya rufe idonsa na dama, ya ce wa yaron, "Kalli idona da ke buɗe." Da siririn alƙalami ya ɗiga alama a kan gilashin da ke cikin firam daidai tsakiyar ƙwayar idon yaron na dama. Ba tare da ya motsa kai ba, ya buɗe wannan ya rufe wancan, ya yi wa ɗaya idon. Ya sa yaron ya tashi ya ɗan zaga, ya dawo, ya duba ko alamar na nan a kan ƙwayar ido. Daga nan ya auna nisan kowace alama daga tsakiyar hanci, da tsayinta daga ƙasan firam, ido-ido. Akwai masu ɗora ruwula sau ɗaya su raba lambar biyu. Fuskar ɗan Adam kuwa ba a raba ta biyu daidai ba, ido ɗaya kan fi ɗaya nisa da hanci ko ya ɗan fi shi hawa. A tabarau na yau da kullum mai ƙaramar lamba, kuskuren milimita biyu na iya wucewa ba a ji ba. A wannan, yaron zai riƙa karo da ɗigo a inda ya kamata ya sami fili, ya ce tabarau na damunsa, ya jefa shi a jaka.

Gilashin na zuwa daga masana'anta a zagaye, ya fi firam girma. Da folikabonet ake yin sa, wata roba mai wuyar fashewa, abin da ya dace da mai guje-guje. Wata na'ura ta zaga cikin firam da ɗan tsinke ta kwafi siffarsa. Ma'aikacin ya nemo tsakiyar filin gilashin, ya manna masa mariƙi daidai inda awon ya nuna, ya sa shi a injin wasa baki mai faifan lu'ulu'u. Folikabonet na da halinsa: a bushe ake fara cin sa, sai a wajen gogewar ƙarshe a sakar masa ruwa. A fitar masa da ɗan tudu a baki wanda zai shiga kwarin firam. In an haɗa, sai a sake duba lambar ta cikin filin tsakiya, a sa wa yaron, a tabbatar tsakiyar ta faɗo inda aka nufa.

Saura koyarwa. A gaya wa yaron ya riƙa juya kai zuwa ga abin da yake son gani sosai, kada ya riƙa leƙe ta saman firam, kuma 'yar baƙuntar da zai ji a gefen gani kan wuce cikin mako ɗaya ko biyu. A gaya wa iyaye cewa daga tashi barci har kwanciya ake sa shi. Bayan wata shida a dawo, a sake awon tsawon ido, a duba ko firam ya karkace.

To, me aka samu? A gwajin Hong Kong, an raba yara 183 'yan shekara 8 zuwa 13 gida biyu, aka bi su shekara biyu. Idon masu tabarau na yau da kullum ya ƙaru da milimita 0.55 a matsakaici, na masu ɗigo kuma da 0.21. Lambar rukunin farko ta ƙaru da dayofta 0.85, ta na biyu da 0.41, wato an rage saurin da kusan rabi. A gwajin Stellest da aka yi a birnin Wenzhou na ƙasar Sin, raguwar ta kai kashi 67 cikin ɗari a wurin yaran da suka sa shi awa 12 ko fiye kowace rana, ta kuma yi ƙasa da haka a wurin masu sawa su cire. A Satumban 2025 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ba Stellest izinin shiga kasuwarta. Amma a faɗi gaskiya: tabarau ɗin ba ya warkarwa, ba ya mayar da ido yadda yake, kuma ba kowane yaro ne yake amsawa daidai da wani ba. Ya kuma fi na yau da kullum tsada nesa ba kusa ba. Akwai wasu hanyoyin da likitoci ke bi, kamar ɗigon atrofin mai rauni da gilashin da ake mannawa a kan ido.

Akwai kuma wadda ba a biyan ko sisi. A birnin Guangzhou an ƙara wa 'yan aji ɗaya na wasu makarantu minti 40 na wasa a waje kowace ranar karatu. Bayan shekara uku, kashi 30.4 cikin ɗari na waɗannan yara ne suka kamu da rashin ganin nesa, a sauran makarantun kuma kashi 39.5. Tun 2010 Taiwan ke ƙarfafa wa makarantunta su fitar da yara waje minti 120 a rana. Mu rana ba ta yi mana ƙaranci ba, sai dai yaran birni sun fara komawa ɗaka, daga boko zuwa Islamiyya zuwa wayar uwa.

Wata magana da ake yawan ji a wurinmu ita ce tabarau na ƙara kashe ido, gara a hana yaro ko a ba shi mai rauni. An gwada wannan a Malesiya, aka wallafa sakamakon a 2002: yaran da aka rage wa ƙarfin gilashi da gangan, matsalarsu ta fi saurin ƙaruwa a kan ta waɗanda aka ba cikakkiyar lambarsu. Tabarau da ake shimfiɗawa a faranti a bakin kasuwa, a gwada wannan a gwada wancan, mafi yawansa na dattijai ne masu neman karanta abin da ke kusa, ba na yaro ba.

Don haka, mai karatu, in ka ga ɗanka na ƙanƙance ido in zai kalli abu daga nesa, ko yana matsawa jikin talabijin, ko malami ya ce ba ya kwafar aikin allo sai ya leƙa littafin na kusa da shi, kai shi asibitin ido. Ka nemi a gwada shi da maganin ɗigawa ko da za ku daɗe a zaune, ka tambaya ko suna da na'urar awon tsawon ido, ka adana takardar lambarsa ta kowace shekara don a ga saurin da take hawa. In likita ya ga ya dace da irin wannan tabarau kuma da hali, ka tsaya a kan a yi masa awo ido-ido bayan an saita firam. In kuma sun taso daga makaranta, a bar su su yi wasa a waje kafin magariba.